Yaron da ke minshari har numfashinsa ya ɗauke: abin da bincike ya nuna game da tiyata da jira

Tambayar ta fito ne daga wata malamar firamare da ke zaune a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ɗanta mai shekara biyar yana minshari kusan kowane dare tun yana ɗan shekara uku, wani lokaci numfashinsa yakan tsaya cak sannan ya fizgo shi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, yana kwana baki buɗe, mura ba ta rabuwa da shi, kuma an taɓa kwantar da shi a asibiti saboda ciwon huhu a hunturun bara. Likita ya leƙa maƙogwaronsa ya ambaci tiyata, kakarsa ta wajen uba kuwa ta ce beli ne, a kira wanzami. Malamar tana so ta san abin da binciken likitoci ya tabbatar, da ko akwai dangantaka tsakanin minsharin da yawan ciwon ƙirjin, da kuma ko tiyatar ta zama dole.

Malama, Allah ya ba yaro lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan lura, domin ba kowace uwa ce ke zama cikin dare ta ƙirga numfashin ɗanta ba. Minsharin da ake yi kowane dare, wanda numfashi ke ɗaukewa a tsakiyarsa, ciwo ne da likitoci suka sani kuma yana da magani, ko da yake a gidajenmu an fi ɗaukarsa gado ko alamar barci mai nauyi. Tiyata tana da amfani tabbatacce ga yaran da suka cancance ta, sai dai amfanin nata bai kai yadda ake zuzutawa ba, kuma akwai yara da yawa da ke warkewa ba tare da ita ba. Hukuncin ƙarshe na likitan da ya ga ɗanki ne da idonsa, amma zan ba ki abin da za ki shiga ɗakinsa da shi, don ku yi magana a matsayin mutane biyu da suka san abin da ke gabansu.

A bayan hanci, can sama da inda ido ke iya gani, akwai wata tsoka da ake kira adinoyid, a gefe biyu na maƙogwaro kuma akwai ƙullutun nama guda biyu da ake kira tansil, waɗanda za ki iya gani idan yaro ya buɗe baki kika haska da fitilar waya. Aikinsu tare ƙwayoyin cuta ne a ƙofar jiki, shi ya sa suke girma sosai tsakanin shekara 2 zuwa 8, lokacin da yaro ke haɗuwa da sababbin ƙwayoyin cuta kusan kullum, alhali ƙasusuwan fuskarsa da hanyar iskarsa ba su gama faɗaɗa ba. Da rana jijiyoyin maƙogwaro suna riƙe da hanyar a buɗe, saboda haka yaron yana guje-gujensa lafiya lau. Da zarar barci ya ɗauke shi jijiyoyin nan sukan saki, hanyar da dama ƙunci gare ta sai ta ƙara tsukewa, iska ta riƙa kaɗa naman da ke wurin, wannan kaɗawar ita ce minshari. Idan hanyar ta rufe gaba ɗaya, ƙirji da ciki su ci gaba da kokawar jan iska amma ba abin da ke shiga, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta ɗan farkar da yaron don ya buɗe hanyar, wannan shi ne fizgar da kika gani. Shi ba zai tuna ya farka ba, amma abin yana iya maimaituwa sau da yawa a cikin sa'a guda, har gari ya waye bai sami barcin da jiki ke hutawa a cikinsa ba.

Wajen yaro ɗaya cikin goma yana minshari a kai a kai, amma waɗanda abin ya kai su ga toshewar numfashi ta gaske ba su kai haka ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2012, ta ƙiyasta su tsakanin kashi 1 zuwa kashi 5 da ɗoriya cikin 100. Ilimin wannan ciwo a yara ba tsoho ba ne, domin sai a 1976 ne Christian Guilleminault da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka wallafa bayanin yara takwas da aka auna barcinsu aka ga yadda numfashinsu ke yankewa. Daga nan aka gane cewa ma'aunin manya bai dace da yara ba: babba sai numfashinsa ya tsaya ko ya ragu sau biyar a sa'a kafin a ce yana da ciwon, yaro kuwa sau ɗaya a sa'a ya isa a sa masa ido, daga biyar zuwa goma matsakaici ne, abin da ya haura goma kuma mai tsanani ne.

Akwai wani bambanci da ya kamata malamar aji irinki ta riƙe. Babban da ba ya samun barci gyangyaɗi yake yi da rana, yaro kuwa sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa, ya kasa zama wuri ɗaya, ya riƙa saurin fushi, hankalinsa ya ƙi tsayawa a kan allo. Wasu suna koma wa fitsarin kwance bayan sun daina, wasu suna tashi da ciwon kai da bushewar baki, wasu suna jiƙa matashi da gumi ko suna kwana da wuya a bankare baya don neman iska. Wasu kuma girmansu ne ke tsayawa, saboda ƙarfin da ya kamata ya tafi ga gina jiki yana ƙarewa a kokawar numfashi, ga haɗiyar abinci tana yi musu wuya, ga shi kuma sinadarin girma ya fi fita a lokacin barci mai zurfi. A 1998 David Gozal ya gwada yara 297 'yan aji ɗaya da ke can ƙasan ajinsu a makarantun Amurka, ya tarar 54 daga cikinsu suna da matsalar iska a cikin barci. Iyayen 24 sun yarda aka yi wa 'ya'yansu tiyatar cire tansil da adinoyid, makin waɗannan ya tashi a shekarar da ta biyo, na sauran kuwa bai motsa ba. Wannan sakamako ya yi tasiri ƙwarai, har likitoci da dama suka riƙa gaya wa iyaye cewa tiyata za ta gyara karatun yaro.

Matsalar irin wannan bincike ita ce iyaye ne suka zaɓi wanda za a yi wa aiki, kuma iyayen da suka kai ɗansu tiyata wataƙila su ne kuma masu zaunar da shi ya yi aikin gida. Hanyar da ake raba gardama irin wannan ita ce a bar ƙuri'a ta yi rabon, yadda rukunan biyu za su yi kama da juna a komai in ban da maganin da ake gwadawa. Binciken da ya yi haka, wanda har yau shi ne madogarar kowa a wannan fage, shi ne wanda aka sani da CHAT, da Farfesa Carole Marcus ta asibitin yara na Filadelfiya a Amurka ta jagoranci wallafa shi a mujallar New England Journal of Medicine a 2013. An ɗauki yara 464 masu shekara 5 zuwa 9 waɗanda gwajin barci ya tabbatar suna da toshewar numfashi, ƙuri'a ta ba wasu tiyata nan take, wasu kuma aka ce a jira ana lura da su, bayan wata bakwai aka sake auna kowa.

Abin da masu binciken suka sa a gaba, wato gwajin tattara hankali da tsara tunani da masana ke yi wa yaro ba tare da sun san rukuninsa ba, bai nuna bambanci na a zo a gani tsakanin rukunan biyu ba. A sauran ma'aunai kuwa tiyata ta yi rinjaye: minshari ya ragu, iyaye da malamai sun ba da rahoton gyaruwar hali, jin daɗin rayuwar yaran ya ƙaru, kuma gwajin barci ya koma daidai a kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki. Amma lambar da ta fi jan hankalina ita ce ta ɗaya rukunin, domin kashi 46 cikin 100 na yaran da ba a taɓa su da wuƙa ba su ma gwajinsu ya koma daidai da kansa cikin watannin nan bakwai. Waɗanda suka fi warkewa da kansu su ne masu ciwo mara tsanani da waɗanda ba su da ƙiba. Kada kuma a manta da cewa ɗaya cikin biyar na waɗanda aka yi wa tiyatar bai warke sarai ba, wanda ke nuna cewa tansil da adinoyid ba su kaɗai ba ne ke tsuke hanya. Siffar muƙamuƙi, girman harshe, ƙiba da kumburin hanci duk suna da nasu kason. Fiye da rabin yaran da ke cikin binciken baƙaƙen fata ne, kuma an lura cewa a cikinsu ciwon ya fi tsanani tun farko, warkewa gaba ɗaya kuma ta fi ƙaranci a rukunan biyu, abin da ya sa nake ganin bibiyar yaro bayan tiyata wajibi ce a wurinmu.

Shekara goma bayan haka, a Disambar 2023, mujallar JAMA ta wallafa wani gwajin mai suna PATS a ƙarƙashin Susan Redline, wanda ya ɗauki yara 459 masu shekara 3 zuwa 12 da ke minshari amma gwajin barcinsu bai nuna toshewa mai yawa ba. Bayan shekara guda labarin bai canza ba: tattara hankali bai bambanta ba, amma hali da barci da hawan jini sun fi kyau a rukunin tiyata, kuma ciwon ya ci gaba ya tsananta a wajen kashi 13 cikin 100 na masu jira, alhali a masu tiyata bai wuce kashi 1 da ɗan wani abu ba. Fahimtata ga waɗannan gwaje-gwaje biyu ita ce, duk likitan da ya yi miki alkawarin ɗanki zai zo na ɗaya a aji bayan tiyata ya faɗi abin da hujja ba ta ba shi ba, haka nan wanda ya ce miki ki ƙyale shi kawai zai daina in ya girma ya manta da rabin yaran da ba su daina ba. Jira yana halatta ga yaro mai ƙaramin ciwo, amma jira ne mai ranar komawa asibiti.

Tsakanin jira da tiyata akwai magani, kuma a nan akwai wani bincike da na ga ya yi daidai da garinmu. A Ostireliya an raba yara 276 masu minshari gida biyu, aka ba wasu feshin hanci mai maganin rage kumburi da ake kira mometasone, wasu kuma feshin ruwan gishiri zalla a matsayin maganin bogi, na tsawon mako shida. Da sakamako ya fito a 2023, alamomin sun kau a kashi 44 cikin 100 na masu feshin magani da kashi 41 na masu ruwan gishiri. Mai yiwuwa ne ruwan gishirin yana aiki da gaske ta hanyar wanke hanci, mai yiwuwa ne kuma lokaci ne ya yi nasa aikin, amma ko ta yaya aka karanta shi, yara biyu cikin biyar sun sami sauƙi da abin da ba shi da tsada kuma ba shi da haɗari. Wanda ya san yadda hazo ke rufe Sakkwato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yadda hancin yara ke bushewa ya yi ɓawo har ya yi haɓo, zai gane dalilin da ya sa nake fara wa iyaye da wannan. Akwai kuma ƙwayar montelukast da wasu ƙananan gwaje-gwaje suka nuna tana rage girman adinoyid, sai dai a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ɗora mata gargaɗi mafi girma saboda tana iya jawo mugayen mafarkai da sauyin hali, don haka ba maganin da za a aika yaro kemis ya sayo ba ne.

Sai batun ciwon ƙirji, wanda shi ne rabin tambayarki. Dangantakar tana nan, kuma ta kowane ɓangare take tafiya. Hanci shi ne matatar jiki, yana tace ƙura, yana ɗumama iska yana jiƙa ta kafin ta isa huhu. Yaron da ke kwana baki buɗe ya tsallake wannan matata, busasshiyar iska mai ƙura tana zarcewa ƙirjinsa kai tsaye. Fizgar numfashi da ƙarfi tana iya jawo majina da yawu daga maƙogwaro zuwa cikin huhu, babbar adinoyid kuma matattara ce ta ƙwayoyin cuta, tana toshe magudanar kunne da ta kogunan hanci. Masu bincike a Isra'ila sun tarar cewa yara masu toshewar numfashi sun fi takwarorinsu zuwa asibiti tun kafin a gano ciwonsu, galibi saboda cututtukan numfashi, wani binciken nasu na 2012 kuma ya nuna cewa ƙananan yaran da suka kamu da nimoniya, wato ciwon huhu, sun fi sauran yawan alamomin matsalar numfashi a barci. Ta ɗaya ɓangaren, binciken da ya bi yara tun daga haihuwa a birnin Bostan ya nuna cewa waɗanda suka yi ciwon huhu ko na ƙananan hanyoyin iska a shekarunsu biyu na farko sun fi fuskantar toshewar numfashi daga baya. Asma ma haka take: a 2014 an duba bayanan dubban yara masu asma a Amurka, aka ga tashin asma mai tsanani ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a shekarar da ta biyo bayan cire tansil da adinoyid.

Sai dai duk waɗannan binciken lura ne, ba a yi ƙuri'a a cikinsu ba, kuma zuwan abu biyu tare bai isa ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Watannin da aka fi shan ƙanƙara a Sakkwato su ne watannin da sanƙarau ke tashi, amma ba wanda zai ɗora wa mai ƙanƙara laifi, bazara ce ta haɗa su. Haka nan akwai abubuwan da ke kumbura hanci da huhu a lokaci guda, kuma gidajenmu cike suke da su: hayaƙin itacen girki, maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda sanyi, taba idan akwai mai sha a gidan, hayaƙin janareto a bakin taga, da turaren wuta. Na san ambaton na ƙarshen ba ya yi wa mata daɗi, amma kasko ɗaya a rufaffen ɗakin da yaro mai toshewar hanci zai kwana ya isa ya ɓata masa daren. A turara ɗakin da rana a buɗe ƙofa, gidan sauro kuma ya maye gurbin na kunnawa. Saboda haka ba zan ce miki tiyata za ta hana ɗanki sake yin ciwon huhu ba. Abin da ke kare shi daga wannan shi ne cikakken rigakafi, wanda tun 2014 aka fara shigar da allurar nimoniya cikin jadawalinsa a Najeriya, da abinci mai gina jiki, da iska mai tsabta, da kuma a duba ko tarin da yake yi da dare asma ce da ba a gano ba.

Akwai wani abu game da manyan gwaje-gwajen nan da ba a cika faɗa ba, alhali a wurinmu shi ne ya fi muhimmanci. CHAT bai ɗauki yaran da iskar jininsu ke faɗuwa sosai ba, bai ɗauki masu matsanancin ƙiba ba, bai ɗauki masu sikila ko ciwon zuciya ba. Ke nan maganar cewa kusan rabi suna warkewa da kansu ba ta shafi waɗannan ba ko kaɗan. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, kuma binciken da aka yi a kan yara 243 masu sikila a Amurka da Ingila, wanda ya fito a 2014, ya tarar kashi 41 cikin 100 suna da toshewar numfashi a barci, kashi 10 kuma tasu ta kai matsakaiciya ko ta wuce. Ƙarancin oksijin shi ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila, kuma tun 2001 Fenella Kirkham da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa masu sikilar da iskar jininsu ke sauka da dare sun fi haɗarin shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya. Idan ba a taɓa yi wa ɗanki gwajin jinin sikila ba, a yi shi kafin komai. Haka nan yaron da ya rame, da wanda aka haifa da lalurar Down mai jinkirta girma da koyo, da wanda bai kai shekara uku ba, duk ba a yi musu dogon jira. Toshewa mai tsanani da aka bari shekaru tana iya ɗaga matsin jini a jijiyoyin huhu har ɓangaren dama na zuciya ya gaji, yaro ya zo da kumburin ƙafa da ciki. Ba kasafai ake ganin haka ba, amma wanda ya gani sau ɗaya ba ya sake raina minshari.

Gwajin da ke tabbatar da ciwon shi ne yaro ya kwana a ɗakin gwajin barci an liƙa masa wayoyi masu auna numfashi da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa, amma irin waɗannan ɗakuna kaɗan ne ƙwarai a Najeriya kuma suna da tsada, saboda haka yawancin hukuncin da muke yankewa ya dogara ne a kan labarin uwa da abin da ido ya gani. Girman tansil da rana ba ya faɗin tsananin abin da ke faruwa da dare, hoton wuya na gefe kuma girman adinoyid kawai yake nunawa. Abin da ya fi taimaka mini a ɗakin duba marasa lafiya shi ne bidiyon waya. Ki ɗage masa riga yadda za a ga ƙirji da ramin wuya, ki sa fuskarsa a cikin hoton, ki ɗauki minti biyu ko uku ba tare da kin tashe shi ba, a darare uku daban-daban, a lokacin da ba ya mura. Ki yi ƙoƙari ɗaya daga ciki ya kasance tsakanin ƙarfe uku da kiran assalatu, domin barcin mafarki, wanda jijiyoyi suka fi saki a cikinsa, ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma uwar da ta duba ɗanta bayan isha'i kawai tana iya rasa mafi munin abin. Idan an sami ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta kwana tana auna oksijin, faɗuwar lambobinta hujja ce mai ƙarfi, amma kyawun lambobin ba ya wanke yaro, domin wasu yaran suna farkawa kafin iskar ta sauka. Ƙari a kan haka, wani bincike na 2020 a kan manya a Amurka ya nuna cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata.

Game da maganar Hajiya kakarsa, ina roƙon ki bi ta da ladabi, domin ba ta yi kuskure ba da ta ce matsalar a maƙogwaro take, wurin ne kawai ta saɓa da ɗan taƙi. Beli shi ne ɗan naman da ke reto a tsakiya, kuma a yara ba shi ne ke toshe hanya ba. Hujjar da na ga ta fi shiga kunnen iyayenmu ita ce wadda nake gani da idona: da yawa daga cikin yaran da ake kawo mini da minshari an riga an cire musu belin tun suna cikin makon haihuwa, ga shi kuma suna minsharinsu. Askar wanzami ba ta kaiwa ga adinoyid, idan kuma ta taɓa tansil jinin da zai zuba ba na tsayarwa a zaure ba ne, ban da haɗarin cutar tetanus mai sandarar da jiki da ciwon hanta da ake ɗauka ta ƙarfen da ba a dafa ba. Shawarata ita ce mahaifin yaron ya nuna mata bidiyon da kansa, ya kuma roƙe ta ta raka ku asibiti, a haska mata maƙogwaron jikanta ta ga ƙullutun biyu sun kusa haɗewa.

Idan an kai ga tiyata, aikin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ne, kuma akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ta baki ake yin aikin, yaro yana cikin barcin magani, ba a yanka fata, kuma yawancin bincike bai nuna cewa rashin tansil yana raunana garkuwar jiki ta yadda zai cutar ba. Ba a yin sa yaro yana cikin zazzaɓi ko sabon tari, sai ƙirji ya washe. Ki tambaya ko za a kwana da shi ana auna iskar jininsa a daren farko, domin masu ciwo mai tsanani da 'yan ƙasa da shekara uku a wannan daren suka fi shiga matsala; mai sikila kuma yana bukatar shiri na musamman tare da likitocin jini, sau da yawa har da ƙarin jini kafin aiki. Yara kaɗan cikin ɗari suna zubar da jini daga baya, galibi tsakanin kwana biyar zuwa goma lokacin da ɓawon ciwon ke faɗuwa, shi ya sa nake hana iyaye tafiya da yaro ƙauye ko biki cikin mako biyun farko, kuma duk jinin da aka gani a baki, komai ƙanƙantarsa, a koma asibiti a daren. Farasitamol da ibuprofen sun wadatar wajen rage zafi. Kodin da tiramadol haramun ne ga yaro bayan wannan aiki. Tun 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan kodin bayan mutuwar wasu yara da jikinsu ke saurin juya shi ya zama mofin, wani maganin zafi mai ƙarfi, ya danne musu numfashi.

Wannan gargaɗi ya shafi ɗanki tun yanzu. Kada a ba shi wani maganin mura ko na tari mai sa barci don ya huta, domin farkawar nan da ke ba ki tausayi ita ce ke buɗe masa hanya, abin da ya nauyaya barcinsa kuwa yana tsawaita toshewar.

Da ɗanki a gabana yake, kuma gwajin jininsa ya nuna ba shi da sikila, nauyinsa da tsawonsa suna kan hanya, bidiyon kuma bai nuna dogon tsayawar numfashi ba, da na ba ku mako shida zuwa takwas na wanke hanci da ruwan gishiri safe da dare, tare da feshin rage kumburi idan akwai alamar atishawa da ƙaiƙayin hanci, a fitar da duk wani hayaƙi daga ɗakin kwanansa, a riƙa kwantar da shi ta gefe, sannan ku dawo da sabon bidiyo da bayanin malaminsa na aji. Amma shekara biyu yana minshari kowane dare, ga tsayawar numfashi da kika gani da idonki, ga kwanciya asibiti, duk suna karkata ni ga zaton cewa likitanku bai yi gaggawa ba, kuma idan kun dawo ba sauƙi ba zan ƙara muku wani wa'adin ba. Kafin lokacin, idan kika ga leɓɓansa ko harshensa sun yi duhu a cikin barci, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki alhali idonsa biyu, ko ya zama da wuya a tashe shi, ko yana zazzaɓi da saurin numfashi, kada ki jira ranar da aka ba ku. Ga yaro mai shekara ɗaya zuwa biyar, numfashi 40 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na zargin nimoniya, kuma agogon wayarki ya isa ki ƙirga shi.